Maulana Jalaluddini Rumi da Rashin Amininsa Shehu Shamsuddini

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai haɗa zukata idan Ya so, Mai raba su idan Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, bawan Allah da za mu karanta tarihinsa a wannan karo shi ne Maulana Jalaluddini Muhammadu, wanda duniya ta fi sani da Rumi, Allah Ya ƙara masa yarda. Ɗariƙar da ake jingina masa, wato Maulawiyya, ba ta yaɗu a ƙasarmu ba, kuma Farisancin da ya yi waƙoƙinsa da shi ba harshen karatunmu ba ne. Duk da haka akwai abu guda a rayuwarsa da kowane muridi zai gane ba sai da tafinta ba. Allah Ya ba shi aminin da bai taɓa samun irinsa ba, suka yi zaman da in an tattara shi bai kai shekara uku ba, sannan aka raba su mummunar rabuwa, da hannun mutanensa na jiki, har ana ambaton ɗan cikinsa a ciki. Ya rayu shekara ashirin da ƴan kai bayan wannan, kuma kusan duk abin da ake tunawa da shi a yau a cikin waɗannan shekarun ya fito.

An haife shi a shekara ta 604 bayan Hijira, daidai da 1207, a yankin Balkh, can wajen arewacin Afganistan ta yau. Mahaifinsa Baha'uddini Walad malami ne mai wa'azi kuma sufi, ana yi masa laƙabi da Sarkin Malamai. Tun Jalaluddini yana yaro mahaifin ya kwashi iyalinsa ya bar ƙasar, kafin rundunar Mongol ta iso ta mai da Balkh kufai. Suka bi ta Bagadaza, suka sauke farali a Makka, suka ratsa Sham, suka shiga ƙasar da Musulmin wancan zamani ke kira Rum, wato Turkiyya ta yau, wadda ke hannun sarakunan Saljuƙawa. Daga sunan ƙasar ne laƙabin Rumi ya samo asali. Sun yi shekaru a garin Laranda, inda mahaifiyarsa ta rasu, inda kuma ya auri matarsa ta fari, ta haifa masa ƴaƴa maza biyu, Sultan Walad da Ala'uddini. Mai karatu ya riƙe sunayen nan biyu. Wajen 1228 suka koma Koniya, babban birnin sarki, a nan kuma mahaifin ya rasu a 1231.

Yana da shekara ashirin da huɗu ya gaji buzun karatun mahaifinsa. Ba a jima ba wani tsohon almajirin mahaifin, Sayyid Burhanuddini na Tirmiz, ya zo Koniya ya karɓi tarbiyyarsa. Ya tura shi Halab da Dimashƙa ya ƙaro fiƙihu da hadisi da Larabci, ya sa shi halwa da yawan azumi, ya riƙe shi kimanin shekara tara har ajali ya riske shi a Ƙaisariyya. Saboda haka kada wani ya zaci Shamsu ya tarar da mutumin da bai san tasawwufi ba. Ya tarar da malamin fiƙihun Hanafiyya mai ba da fatawa, mai hawa mumbari, mai tarin almajirai, wanda fada ke girmamawa, wanda kuma ya riga ya sha wuyar mujahada a hannun shehi. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai buɗe wa cikinsa. Duk wanda ke kewaye da shi, in ba almajiri mai jiran a ba shi karatu ba, to babban mutum ne mai jiran a yi masa addu'a. Malamai da muƙaddamai da ke karanta wannan sun san irin wannan kaɗaici na tsakiyar taro.

Shehu Shamsuddini mutumin Tabriz ne, a ƙasar Iran ta yau. Ya kai wajen shekara sittin lokacin da ya iso Koniya a watan Jimada Sani na 642, wato Nuwamba 1244, shekara guda bayan Mongol sun karya rundunar Saljuƙawa sun ɗora musu haraji. Mutum ne mai ilimi, Bashafi'e, amma ya ƙi zaman malanta. Yakan sauka a masaukin fatake maimakon zawiya, ya sa tufafin ƴan kasuwa don kada a gane shi, ya ci guminsa: wani lokaci saƙar mazagin wando, wani lokaci koyar da yara Alƙur'ani. Saboda yawan tafiye-tafiyensa aka riƙa kwatanta shi da tsuntsu. Harshensa kaifi gare shi, ba ya raga wa mai rawani don rawaninsa. Ya zauna da manyan shehunan zamaninsa a Bagadaza da Dimashƙa bai sami wanda zuciyarsa ta natsu da shi ba, kuma ya daɗe yana roƙon Allah Ya haɗa shi da wani waliyyiNsa da zai iya jure zama da shi.

An ruwaito haɗuwarsu ta hanyoyi da dama, wasu an ƙawata su da karamomi. Wadda ta fi ƙarfi ita ce ta tambaya, domin Shamsu da kansa ya ambace ta a cikin maganganunsa da almajirai suka rubuta. Ya tare Maulana ya tambaye shi game da Abu Yazidu Bisɗami, me ya sa ya furta kalmomin da ke nuna kamar ya kai ƙarshen tafiya, alhali Manzon Allah (SAW), wanda ya fi kowa sanin Allah, bai gushe ba yana nuna gazawar bawa a gaban Ubangijinsa. Amsar da aka ruwaito daga Maulana ita ce ƙoƙon Abu Yazidu ne ya cika da kurɓi ɗaya, ƙishinsa ya mutu, shi kuwa Shugaban halitta kullum ana ɗaga shi daga wani muƙami zuwa wanda ke sama da shi, ƙishinsa kullum ƙaruwa yake yi. A kan wannan magana suka gane juna. Abotarsu tun ranar farko a kan girman Annabi da bin sawunsa aka ƙulla ta. Masu sayar da fassarar waƙoƙin Rumi a Turai da Amurka a yau sukan tsallake wannan wuri, su mai da shi mawaƙin soyayya maras alƙibla, alhali mutumin mai salla ne mai azumi tun farkonsa har ƙarshensa.

Daga nan suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa, wata da watanni, ba mai shiga wurinsu sai mutum ɗaya ko biyu. Maulana ya bar makaranta, ya bar mumbari. An ruwaito cewa Shamsu ya hana shi duba littafin mahaifinsa da ya saba karantawa kullum, ya hana shi diwanin Mutanabbi da yake so, yana nufin ya daina leƙen abin da wasu suka ɗanɗana ya ɗanɗana da bakinsa. Shi ne kuma ya shigar da shi sama'i, wato sauraren waƙe da sarewa tare da juyawa, abin da daga baya ya zama alamar Maulawiyya. Kowace ɗariƙa da mashayarta, mu namu wuridin da zikirin sun ishe mu, ba kuma wannan ne abin da muke nema a tarihin ba. Sultan Walad, wanda ya ga komai da idonsa, ya kwatanta mahaifinsa da Annabi Musa (AS), Shamsu kuma da Halliru: mai babban matsayi ya bi bayan baƙon da ba a san shi ba domin wani sani da Allah Ya ajiye a wurinsa.

A yi wa almajirai adalci. Wasunsu sun baro garuruwansu domin karatu, ga shi an wayi gari malam ba ya fitowa. Wanda ya ɗauke musu shi kuwa tsoho ne da ba su san asalinsa ba, ba ya sakar musu fuska, har an ce yakan nemi wanda ke son ganin Maulana ya kawo wani abu tukuna don ya gwada gaskiyar sonsa. Ɓacin ransu yana da dalili. Inda suka ɓata shi ne da suka bar ɓacin rai ya zama hassada, hassada ta zama gulma, gulma ta zama zagi a fili da barazana. Suka ce boka ne, suka ce mahaukaci ne. A watan Shawwal na 643, wato Maris 1246, bayan wata goma sha shida, Shamsu ya fice daga Koniya bai yi sallama da kowa ba.

Su a lissafinsu in baƙo ya tafi malam zai dawo buzunsa. Sai abin ya juye musu. Ɗan ganin da suke yi masa a da ma suka rasa, ya rufe ƙofa, ya kau da kai daga duk wanda ya sa baki a maganar. Sai da suka zo suna kuka suna neman gafara. Ana cikin haka wasiƙa ta zo daga Sham, aka san inda Shamsu yake. Maulana ya aika masa da wasiƙu cikin waƙe yana roƙonsa ya dawo, sannan ya tashi Sultan Walad da jama'a da guzuri su je su taho da shi. Saurayin ya ɗora Shamsu a kan dokinsa, shi kuma ya taho a ƙasa yana riƙe da likkafa tun daga Sham har Koniya, tafiyar fiye da wata guda, Shamsu yana cewa ya hau yana ƙi saboda ladabi. A 1247 suka iso, aka yi murna, masu laifi suka ba da haƙuri aka yafe musu.

Sulhun bai yi ƙarko ba. Don Shamsu ya zauna daram, aka aura masa wata yarinya mai suna Kimiya da ta tashi a gidan Maulana, aka ba su ɗaki a wani sashe na gidan. Ala'uddini, ɗan Maulana na biyu, saurayi mai karatu wanda dama bai gamsu da baƙon ba, yakan bi ta wajen in zai shiga gaida mahaifinsa. Shamsu ya yi masa magana cewa ya riƙa neman izini. Yaron ya ji zafin a ce baƙo ne zai yi masa iyaka a gidan ubansa, ya fita ya faɗa wa mutane, masu jiran ƙiris kuwa suka samu. Kowa ya san yadda ƙaramar magana irin wannan ke girma in ta faɗa bakin waɗanda ba su so a shirya. Ba a daɗe ba Kimiya ta yi ƴar gajeriyar jinya ta rasu. Shamsu ya shaida wa Sultan Walad cewa a wannan karo zai tafi inda ba wanda zai sake jin ɗuriyarsa. A cikin shekara ta 645, wajen ƙarshen 1247, aka wayi gari babu shi.

Aflaki, wanda ya tattara labaran gidan shekaru da yawa bayan haka, ya kawo ruwayar cewa wasu mutum bakwai ne suka kira shi waje da dare suka kashe shi, ya kuma sa sunan Ala'uddini a cikin zancen. Sultan Walad, wanda yake gidan a lokacin, ɓacewa kawai ya ambata. Shi dai Maulana ba a kawo masa gawa ba, ba a kawo masa wasiƙa ba. A nan ne nauyin jarrabawar yake. Wanda amininsa ya rasu yana da jana'iza da zai bi, da zaman makoki, da mutanen da za su zo su yi masa gaisuwa, da kabarin da zai ziyarta. Wanda abota ta mutu masa kuwa, ko aboki ya juya baya, ko ƴan tsugudidi suka shiga tsakani, ba mai zuwa yi masa ta'aziyya, wani lokaci ma kunyar faɗa yake ji. Ga shi Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Annabi Musa ma da Halliru rabuwa suka yi, amma kafin su rabu sai da aka warware masa dalilin jirgi da na yaro da na bango. Maulana bai sami ko wannan ba. An bar shi da tambaya, kuma waɗanda ake zargi suna cin abinci a gidansa, suna salla a bayansa.

Bai ɓoye baƙin cikinsa ba, bai kuma yi kamar abin bai dame shi ba don a ce waliyyi ne. An ruwaito cewa bayan kwana arba'in ya ajiye farin rawani ya naɗa mai launin hayaƙi, bai sake canza shi ba har ya bar duniya. Duk matafiyin da ya ce ya ga Shamsu a wuri kaza, sai ya tuɓe abin da ke jikinsa ya ba shi tukuici. Wata rana aka ce masa mutumin da ya ba rawaninsa ƙarya ya yi, ya nuna ya sani, ya ce wannan tukuicin ƙarya ne, da gaskiya ce da ransa zai bayar. Mutumin da ya kai shekara talatin da bakwai ba a san shi da waƙa ba, sai ga baitoci suna zubo masa dare da rana, yana tafe yana faɗa ana rubutawa. Har sau biyu ya bar Koniya ya tafi Dimashƙa da kansa, yana bin unguwa-unguwa yana cigiya.

Wanda zai ce wannan ya saɓa wa haƙuri, sai ya koma Suratu Yusuf. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri, kuma ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya kuma tura ƴaƴansa cigiya bayan shekaru masu yawa. Alƙur'ani bai kira wannan gazawa ba, domin kukan nasa wurin Allah yake kai shi. Haka Maulana. Duk zafin da ke cikin waƙoƙinsa na wannan lokaci, fuskarsu sama take kallo. Ba a san shi da zama a majalisa yana lissafa sunayen waɗanda suka cuce shi ba, bai kai ƙarar kowa wurin sarki ba alhali fada tana jin maganarsa, bai kuma ce Allah Ya yi masa ba daidai ba.

A tafiyar Dimashƙa ta ƙarshe ne Allah Ya yi masa buɗi. Sultan Walad ya bayyana cewa mahaifinsa bai sami Shamsu a Sham ba, sai ya same shi a cikin kansa, ya dawo gida ya daina nema. Wannan magana tana bukatar a tsaya a kanta, don kada a ɗauke ta zancen rarrashin kai. Abin da ya ja Maulana zuwa ga wannan tsoho ba jikinsa ba ne, ba kuma daɗin hirarsa ba, don mutum ne mai wuyar zama. Wani haske ne na sanin Allah da son ManzonSa ya gani a tare da shi. Hasken kuwa ba mallakar Shamsu ba ne, aro aka ba shi ya kawo, kuma ya riga ya isar. Abin da aka kunna a zuciyar Maulana yana nan yana ci, ko mai kunnawar yana Koniya, ko yana Sham, ko yana cikin kabari. Da ya gane haka sai ya ga cewa tsayawa neman ɗan aike bayan saƙo ya iso hannu wani nau'in shamaki ne tsakaninsa da Wanda Ya yi aiken. Mutanen tarbiyya sun san wannan tasha: muridi yakan narke a cikin shehinsa, amma ba a nan ake so ya tsaya ba, ana so ya wuce zuwa ga Annabi (SAW), daga nan zuwa ga Allah. Wani ana wuce da shi a hankali. Shi Maulana da wuƙar rabuwa aka wuce da shi.

Ciwon bai tafi ba, rawanin ma bai koma fari ba. Abin da ya canza shi ne yadda ya riƙe sunan amininsa. Al'adar mawaƙan Farisa ce mawaƙi ya sa sunansa a baitin ƙarshe. Maulana sai ya riƙa sa sunan Shamsu a gurbin nasa, har babban diwaninsa mai dubban baitoci aka san shi da sunan Diwanin Shamsu na Tabriz. Mutumin da ya tafi ya bar shi har sau biyu ba sallama, shi ya ba ladan aikinsa a idon duniya. Sai mu duba kanmu. Sau nawa mutum biyu da suka yi shekaru suna zama sahu ɗaya a zawiya, suna cin tuwo a akushi ɗaya, in suka ɓata sai kowa ya kwance wa ɗan'uwansa zani a kasuwa, alherin shekara ashirin ya zama kamar ba a yi ba?

Bayan dawowarsa ya yi abin da mai raunin zuciya ba ya iyawa, ya sake buɗe ƙirjinsa ga wani. Wannan karo Salahuddini ne, maƙerin zinariya a kasuwar Koniya, tsohon abokin almajircinsa a wurin Sayyid Burhanuddini. Mutum ne mai sanyin hali, ba shi da zurfin karatu, har wasu kalmomi ba ya furta su daidai, an ce Maulana yakan bi shi ya furta su yadda yake furtawa don kada a raina shi. Labari ya shahara cewa wata rana yana wucewa ta ƙofar shagonsa ya ji amon guduma a kan zinariya, hali ya kama shi a nan tsakiyar kasuwa, Salahuddini kuma ya umarci yaransa kada su tsai da bugu ko da zinariyar za ta lalace. Ya naɗa shi halifansa, ya aura wa Sultan Walad ƴarsa Fatima. Almajirai suka sake tayar da ƙura, suna cewa gara ma Shamsu yana da ilimi, wannan kuwa ba'ammiye ne. Amma a wannan karo ba wanda ya ɓace. Salahuddini ya yi haƙuri da su, Maulana ya tsaya a bayansa, masu surutu suka gaji suka tuba. Shekara goma suka yi tare har Salahuddini ya rasu a farkon Muharram na 657, ƙarshen 1258, shekarar da Bagadaza ta faɗa hannun Mongol. Ya yi wasiyya a raka gawarsa da murna maimakon kururuwa, Maulana kuma ya cika masa.

Na uku shi ne Husamuddini Calabi, wanda ya girme wa ƴaƴan Maulana da kaɗan. Shi ne ya roƙe shi ya yi wa muridai littafin tarbiyya irin na Sana'i da Aɗɗar da suke karantawa. An ce Maulana ya zaro takarda daga cikin rawaninsa mai ɗauke da baiti goma sha takwas da ya riga ya rubuta. Baitocin suna magana ne a kan sarewa, karan da aka yanko daga fadama, wanda duk daɗin muryarsa kukan rabuwa da tushensa ne, kuma da ba a yanke shi an huda shi ba da bai yi sauti ba. Daga nan Masnawi ya fara: Maulana yana faɗa, Husamuddini yana rubutawa, wani lokaci har asuba ta riske su. Ya kai juzu'i shida, baiti wajen dubu ashirin da biyar, cike da ƙissoshin annabawa da bayanin ayoyi da hadisai da labaran mutanen kasuwa da na ƙauye. Da matar Husamuddini ta rasu bayan juzu'i na farko, aikin ya tsaya kusan shekara biyu. Maulana bai nemi wani marubuci ba, ya jira abokinsa har zuciyarsa ta dawo, suka ci gaba a 662. Wanda ya san zafin rashi ba ya gaggauta mai makoki.

Akwai wani wuri a farkon Masnawi da sunan Shamsu ya faɗo a cikin zance. Husamuddini ya matsa masa ya faɗi labarin a fili, Maulana ya ƙi, ya nuna cewa asirin masoyi ya fi kyau a faɗe shi a cikin labarin wasu, kuma buɗe wannan magana fitina da zubar da jini za ta jawo. Shekara goma sha wani abu ke nan da faruwar abin, alƙalami yana hannunsa, duniya tana saurarensa, da ya so da ya rubuta sunan kowa ya bar wa tarihi. Ya rufe bakinsa.

Saura Ala'uddini, kuma nan ne wurin da ya fi wuya. Wasiƙun Maulana zuwa gare shi suna nan an adana, yana kiransa da kalmomin ƙauna, yana roƙonsa ya bar kwana a waje ya dawo gida cikin iyalinsa. Duk da haka tsakaninsu bai koma kamar da ba. Ala'uddini ya rasu a 660, wato 1262, yana da shekara talatin da ƴan kai, kuma Aflaki ya ruwaito cewa mahaifin bai halarci jana'izarsa ba. Ba mu kawo wannan don rage darajar waliyyin Allah ba. Mun kawo shi ne don wanda ke fama da zuciyarsa, yana son ya yafe abin yana ƙi, ya san cewa manya ma sun bi ta nan. Shi wannan Aflakin ya ruwaito cewa daga baya Maulana ya je ziyarar kabarin mahaifinsa, ya juya wurin kabarin ɗansa, ya nemi tawada ya rubuta a jikinsa wasu kalmomi masu ma'anar cewa in masu kyakkyawan aiki kaɗai ne za su sa rai da rahamar Allah, to mai laifi wurin wa zai fake. Sannan ya shaida wa waɗanda ke tare da shi cewa an nuna masa Shamsu ya yafe wa yaron. Annabi Yaƙubu ma da ƴaƴansa suka roƙe shi ya nema musu gafara, alkawari ya yi musu zuwa wani lokaci, malaman tafsiri suka ce ya jinkirta ne zuwa lokacin da ake karɓar addu'a.

Shekarunsa na ƙarshe a cikin jama'a ya yi su. Yana karantarwa, yana amsa fatawa, yana rubuta wa waziri Mu'inuddini Parwana da sauran manya wasiƙu don a yafe wa wane haraji, a ba wane aiki, a biya wa wane bashi. Zantukansa na majalisa almajirai sun tattara su a littafin da ake kira Fihi Ma Fihi. Ya kwanta rashin lafiya a ƙarshen 1273, ya rasu da faɗuwar rana ran 5 ga Jimada Sani 672, daidai da 17 ga Disamba, yana da shekara sittin da shida a lissafin rana. Musulmi da Kirista da Yahudawan Koniya duk sun fito rakiyar gawarsa. Mabiyansa suna kiran daren rasuwarsa daren angonci, domin shi da kansa haka ya ɗauki mutuwa, ranar saduwa da Masoyin da ba a rabuwa da Shi.

Husamuddini ya riƙe jama'a bayansa har ya rasu a 1284, sannan Sultan Walad, wanda ya tsara ɗariƙar Maulawiyya ya kuma rayu har 1312. An rufe Maulana kusa da mahaifinsa, a wurin da aka gina koren ƙubba da ke tsaye har yau. Salahuddini yana nan a cikin ginin, Husamuddini yana nan, Ala'uddini ma yana nan tare da su. Shamsu ne kaɗai babu. Akwai wani ƙaramin masallaci a Koniya, tafiyar ƴan mintoci daga ƙubbar, da ake jingina masa maƙami a ciki, mutanen garin Khoy a Iran su ma suna cewa a wurinsu yake kwance. Al'adar masu ziyara a Koniya ita ce su fara zuwa wurin Shamsu su yi sallama, sannan su wuce wurin Maulana.

Allah Ya ƙara musu yarda baki ɗaya, Ya amfane mu da albarkarsu, amin.